Asabar a Luzern, ta Jirgin Ƙasa

A babbar tashar jirgin ƙasa ta Zurik, a ƙasar Suwizalan, babu shinge, babu ƙofar da za a tare ka a ce fito da tikiti. Daga titi kake shigowa, ka ratsa masu sayar da burodi da furanni, ka duba allo ka ga layin da jirginka yake, ka hau ka zauna, ba wanda zai ce maka kanzil. Ɗan yayana da ke karatu a garin, wanda a wurinsa na sauka, tun muna karyawa ya saya mana tikitin Luzern a wayarsa. Na ce masa, to wanda ya shige bai biya ba fa? Ya ce, "Baffa, mai dubawa yana zagaya taragu. In ya kama ka, tarar ta ninka kuɗin tafiyar, kuma a rubuta sunanka. Ka sake, ta ƙaru." Wato dai an yarda da kai, amma an tanadi maganinka.

Kafin zuwana, abin da na sani game da Suwizalan bai wuce na kowane mai sauraron rediyo ba: agogo, tarurrukan Jeniba, da bankunan da aka jibge kuɗin Abacha, waɗanda a 2017 aka sa hannu kan dawo wa Najeriya da dala miliyan 321 daga ciki. Jirgin ƙasa ba ya cikin lissafina sam.

Muna tsaye a dandamali yaron ya nuna mini agogon da ke rataye a samanmu, ya ce in zuba masa ido. Farin agogo ne, ba lambobi a jikinsa sai baƙaƙen layuka, da jan hannu na daƙiƙa mai dunƙulallen kai. Jan hannun yana tafiya sumul, ba ya tsalle-tsalle. Ya iso sama tun minti bai cika ba, ya tsaya cak na kusan daƙiƙa ɗaya da rabi, sai baƙin hannun minti ya yi tsalle ɗaya gaba, sannan jan ya ci gaba da tafiyarsa. Ashe jira yake. Duk agogunan tashoshin suna sauraron saƙon lantarki ne da ke zuwa kowane minti daga uwar agogo, don kada na Zurik ya ce wani abu na wata tasha ya ce wani. Wani injiniya mai suna Hans Hilfiker ya zana shi a 1944, daga baya aka ƙara masa jan hannun, kuma har yau ba a ga dalilin canza shi ba. A 2012 kamfanin Apple ya ɗauki fasalinsa ya sa a iPad, sai da suka zauna da hukumar jiragen ƙasar suka biya kuɗin izini. Bayan mun shiga, hannun minti na yin tsalle zuwa lokacin da aka rubuta a allo, na ji taragonmu ya motsa, ba kuwwa, ba girgiza.

Mutanenmu kan ce Bature da lokaci aka haife shi. Ni abin da na gani, aiki ne aka zauna aka yi. Tun 1982 suka tsara jadawalin ƙasar baki ɗaya yadda jirgin kowane layi zai riƙa tashi a minti guda a kowace awa, har mutum ya haddace na garinsu ba sai ya duba takarda ba. A manyan tashoshi jirage suna shigowa dab da cikar awa ko rabinta, a sauke mutane su canza, sannan duk su watse bayan 'yan mintoci. Motocin safa na ƙauyuka da jiragen ruwa na tafki duk a kan wannan lissafi aka ɗaure su. Da suka ga tafiyar Zurik zuwa Bern ta haura awa ɗaya tana ɓata musu wannan haɗuwa, sai suka gina sabon layi, aka buɗe shi a 2004, don kawai a dawo da ita ƙasa da awa. Ba gudun fanfalaƙi suke nema ba, su dai jirgi ya iso ya tarar da ɗan'uwansa. Wutar da ke jan jiragen ma wahala ce ta haife ta. Ƙasar ba ta da kwal, a Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yanke musu har zirga-zirga ta nemi tsayawa, shi ne suka koma wa ruwan duwatsunsu, suka gina madatsu, suka mayar da layukan na lantarki.

Taragon hawa biyu ne, muka haye sama. Wata dattijuwa ta zo ta tsaya kusa da kujerar da ke fuskantarmu, ta yi tambaya da Jamusancinsu, yaron ya amsa, sannan ta zauna. Ya ce mini izini ta nema, ko da kujera a fili take sai an tambaya. To daga wannan ladabi kuma shi ke nan, har muka sauka ba ta ƙara ɗaga ido ba. Tarago cike da mutane amma tsit, ba mai tambayar daga ina, ba mai miƙo maka abin da yake ci. Ni da na saba kafin a bar tasha na san garin maƙwabcina da sana'arsa, wannan shirun ya dame ni, kuma ban ce ya burge ni ba.

Taga ce ta rage mini kewa. Jirgin ya kutsa rami, ya ɓullo a Thalwil, sai ga tafkin Zurik shimfiɗe a ƙasa, gidaje sun gangaro har bakinsa. Ya sake shiga rami, ya fito wajen Baar da Zug. Garuruwa ne 'yan ƙanana, ba wani tsayin gini, amma saboda sauƙin harajinsu manyan dillalan mai da ma'adanai na duniya suka tare a can. Hedikwatar Glencore a Baar take. Ka dubi shanu suna kiwo a gefen layin dogo, ba za ka ce a bayan wannan ciyawa ake cinikin tagullar Kwango ba. Daga nan muka bi gefen tafkin Zug, muka wuce wani siririn tafki da ake kira Rotsee inda ake gasar tseren kwale-kwale, kafin awa ta cika muna Luzern.

A bakin tashar akwai wata babbar ƙofa ta dutse tsaye ita kaɗai a fili, ba bango a hagunta, ba bango a damanta, motocin safa na kewaya ta. Ita ce abin da aka bari na fuskar tsohuwar tashar da gobara ta cinye a 1971. Sabuwar, mai zauren gilashi, a 1991 aka buɗe ta. Wannan ce gobara ta farko da garin ya ba ni labari.

Ana tsallaka titi sai ruwa. A nan tafkin Luzern yake tsukewa ya zama kogin Reuss, ya raba garin biyu. Ruwan kore ne shar, garai-garai har kana ganin duwatsun ƙasa, manyan fararen agwagi masu dogon wuya suna yawo a kai ba ruwansu da kowa. Da yake Asabar ce, kasuwa na ci a gaɓa biyu, Talata da Asabar take ci. Manoma ne da kansu a bayan tebura: cuku ƙato-ƙato ana yanka da wuƙa mai hannu biyu, kifin tafki, zuma, furanni, da wasu jajayen 'ya'yan itace masu dogon tsinke da ake yayinsu a lokacin. Na tsaya wurin mai cuku, ta yanko mini ɗan siriri a bakin wuƙa in ɗanɗana. Warin ya riga ɗanɗanon isowa. Na haɗiye, na yi godiya. Ciniki kuwa babu shi, abin da aka rubuta a ɗan allo shi ne, in ka taya ma kallon mamaki za a yi maka.

Gadar katako da ake buga hotonta a kowace takardar talla ta ƙasar tana nan a tsakiyar kasuwar, sunanta Kapellbrücke. Ba ta tsallaka kogin kai tsaye ba, a karkace ta bi, tsawonta ya ɗan haura mita 200, da rufi a kanta da tukwanen furanni jere a gefe. Tun ƙarni na 14 take, kuma asalinta ba ado ba ne, ɓangare ce ta tsaron gari ta wajen tafki, shi ya sa bangon gefen da ke kallon tafkin ya fi ɗaya tsayi. A jikinta akwai hasumiya mai kusurwa takwas da ta girme ta, wadda a zamani daban-daban ta yi kurkuku, ta yi baitulmali, ta yi ma'ajiyar takardu. In kana tafiya ka ɗaga kai, a ƙarƙashin rufin akwai alluna masu kusurwa uku da aka zana tarihin garin a kansu a ƙarni na 17.

Ina cikin kallon allunan sai na ga sun yanke. Wurare da dama ba komai, wasu kuma baƙi ƙirin, katakon ya tsattsage ya zama gawayi. A daren 18 ga Agusta 1993 wuta ta kama gadar, ana zargin guntun sigari, ta cinye mafi yawanta da zane-zane masu yawa, bakin nan da bakin can kaɗai suka tsira. A watan Afrilun 1994 aka sake buɗe ta. Wata takwas. Na sa hannu na shafa ginshiƙi a tsakiya, katakon da sauran haske, na dawo baki na shafa na can, ya yi duhu ya sha hannun mutane har ya yi santsi. Abin da baƙi ke tururuwar ɗauka a hoto a matsayin gada mai shekara ɗari shida da wani abu, mafi yawansa bai kai ni shekaru ba. Kuma ba su ɓoye ba, da gangan suka bar ƙonannun allunan a inda suke. Wannan ya fi furannin ƙayatar da ni.

Muka gangara bin kogi, muka wuce cocin 'yan Jesuit mai tulluwa biyu, sai na ji ƙarar ruwa ta canza. A nan na daɗe fiye da ko'ina, yaron har ya gaji ya nemi benci. Madatsa ce, amma ba ta kankare mai ƙofofin ƙarfe ba. Dogayen katakai ne sirara aka jera a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, ƙasansu a tokare a gindin kogi, samansu a jingine da wata 'yar gadar ƙarfe, ƙarfin ruwan da kansa ne ke danne su. Sun yi kama da haƙoran matsefi. In ƙanƙarar duwatsu ta narke tafki ya cika, ma'aikata su zo su zare wasu ruwa ya wuce. In ruwa ya ja baya, su mayar. Tun wajen 1860 ake daidaita tsayin tafkin da wannan dabara, kuma har yau mutum ne ke zuwa ya zare ya mayar. Ƙasar da ta huda dutsen Gotthard ta yi ramin jirgi mai kilomita 57 ba ta rasa kuɗin sa injin ba. Sun ga abin yana aiki ne, suka ci gaba da kula da shi.

Kusa da ita akwai gadar katako ta biyu, Spreuerbrücke, wadda ba ta cika samun baƙi ba. Ita ma da alluna a rufinta, amma dukkansu zancen ɗaya suke: mutuwa a siffar ƙwarangwal tana zuwa wa sarki, ta zo wa malamin coci, ta zo wa ɗan kasuwa, ta zo wa amarya. An zana su ne a zamanin da annoba ke shara a Turai. Ba sai an fassara wa Musulmi wannan wa'azi ba.

Daga nan hanya ta miƙe sama zuwa ganuwar garin, Musegg, mai hasumiya tara. Hawan ya ci mini gwiwa. A ɗaya daga hasumiyoyin akwai agogon 1535, ana shiga ciki a hau matakalar katako a ga cikinsa tsirara: ƙafafun ƙarfe masu haƙora, da igiyoyi, da duwatsu masu nauyi a rataye suna jan su a hankali. Saboda girman shekarunsa an ba shi alfarmar buga awa minti ɗaya kafin sauran agogunan gari. Muna ciki sha biyu ta gabato, ƙararrawar ta buga har na ji a haƙorana, can sai na ƙasa suka amsa. Daga saman bangon ana ganin jajayen rufin gari, da tafki, da dutsen Pilatus ya tokare sama. A bayan bangon kuma, cikin gari fa, gona ce da shanu masu dogon gashi har ya rufe musu ido.

Ganuwar ta taɓa lalacewa, ta fara zubewa. Mutanen garin ne suka kafa ƙungiya, suka tara kuɗi tare da hukuma, aka yi shekaru ana gyara ta hasumiya bayan hasumiya. Duk Bakano da ya tsaya a wurin sai ya tuna badalarmu, wadda ta fi wannan tsawo nesa ba kusa ba, da yadda ake yankar ta ana haƙar ƙasa ana dasa shaguna. Na yi wa yaron wannan magana, ya ce, "Baffa, tamu ta ƙasa ce, tasu ta dutse." Na ce gadar da muka baro ta katako ce, kuma ta ƙone.

Azahar ta same mu a can sama. Garin cike yake da famfunan dutse da ruwa ke zuba dare da rana, kuma na sha ne, mutane na tara gorunansu. A ɗaya na yi alwala, sanyin ruwan ya sa yatsuna suka ƙage duk da rana ake. Yaron ya nemo alƙibla a wayarsa, muka shimfiɗa rigunan sanyinmu a kan ciyawa a gindin bango muka yi salla. Masu wucewa suka ratse suka ba mu wuri, ba wanda ya tsaya kallo. Ƙasar ce kuma da a 2009 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 57 da ɗoriya cikin ɗari suka amince a hana gina hasumiyar masallaci. Duka biyun gaskiya ne, wanda na gani da idona da wanda ke rubuce a tsarin mulkinsu.

Abinci kuwa, a nan aljihu ke kuka. Na karanta farashin da aka liƙa a ƙofar wani gidan abinci a bakin kogi, na fara mayar da faranka zuwa naira a zuci, yaron ya kama hannuna ya ce, "Baffa, in kana wannan lissafin ko ruwa ba za ka sha ba." Ga kuma naman alade da ke ɓuya a cikin abubuwa da dama. Muka shiga Migros, ɗaya daga manyan kantunan ƙasar, wanda tun zamanin mai kafa shi ba ya sayar da giya, kuma da aka tambayi mambobinsa a 2022 suka ce a bar shi haka. Muka sayi burodi da kifin gwangwani da ayaba da madara, muka zauna a bakin tafki muka ci, agwagin nan suna ta zarya a gabanmu.

Wurin zakin yana da 'yar tafiya daga nan, ta unguwar masu sayar da agogo inda manyan motocin 'yan yawon buɗe ido ke sauke mutane. Wani lungu ne mai itatuwa da kududdufi, a bayansa bangon dutse, a cikin dutsen an sassaƙa zaki kwance, tsawonsa kusan mita 10, karyayyen mashi a haƙarƙarinsa, ya ɗora hannu a kan garkuwa mai tambarin sarautar Faransa. Fuskar ce abin kallo: baki a ɗan buɗe, goshi a tattare, irin na wanda ciwo ya gama da shi. An gama shi a 1821 don tunawa da sojojin Suwizalan masu gadin Sarki Louis na 16, waɗanda aka kashe lokacin da masu juyin juya hali suka afka wa fadar Tuileries a Paris ranar 10 ga Agusta 1792. Rubutun da ke ƙasa ya ce mutum 760. Sarkin da suke karewa ya riga ya bar fadar kafin faɗan ya kaure.

Mutane na ta ɗaukar hoto suna murmushi, ni kuwa tambayar da ta zo mini ita ce, me ya kai 'ya'yan manoman duwatsu mutuwa a ƙofar sarkin wata ƙasa? Talauci ne. Ɗaruruwan shekaru ƙasar nan ba ta da abin sayarwa da ya wuce samarinta, duwatsu ba sa ciyar da kowa, sai su tafi aikin sojan haya wurin sarakunan Turai su aiko da kuɗi gida. Sai a tsakiyar ƙarni na 19 aka hana, ragowar abin shi ne masu gadin Fafaroma a Batikan, da suke can tun 1506. 'Yan ci-rani ne, da mashi a hannu. Wanda ya ga shagunan agogon da muka ratso ba zai yarda kakannin masu su sun yi wannan rayuwa ba.

Da la'asar muka hau jirgin ruwa, daga matsayar da ke gaban tasha. Muka yi sa'a ya zama ɗaya daga tsofaffin masu tururi guda biyar da har yanzu ke aiki a tafkin, mafi tsufansu tun 1901. A tsakiyarsa an bar wuri a buɗe da shinge, kana leƙa injin: manyan sandunan ƙarfe suna kai da komo suna juya fukafukan da ke gefe, ko'ina na sheƙi, wani ma'aikaci da tsumma a hannu yana bi yana duba mai. Yara sun kewaye shingen, ni ma na samu wuri a cikinsu. Pilatus mai mita 2,100 da ɗoriya yana bayanmu, akwai jirgin ƙasa mai haƙora da ke hawansa tun 1889, wanda a cikin irinsa babu mai tsananin gangararsa a duniya. Na ji kuɗin hawan, na ce daga nan ƙasa ma yana da kyau.

Kafin mu koma tasha yaron ya ja ni Baselstrasse, titin da baƙin haure suka fi yawa. Nan na ji hayaniya irin ta mutane, na ga shagunan 'yan Afirka da 'yan Asiya, da garin rogo da manja da busasshen kifi. Wani mai shago ya amsa sallamata da ƙarfi har da tambayar gajiya. Yaron ya sayi attarugu da kuɓewa, ya ce gobe Lahadi kantuna a rufe suke sai na cikin tasha, gara a yi tanadi.

Ƙarfe tara ta wuce muna cikin jirgin komawa, rana ba ta faɗi ba tukuna, magariba sai wajen tara da rabi. Muka iso gida goma ta gota. Ina hawa matakala wayata ta yi ƙara, yayana ne daga Kano, na ɗauka na fara ba shi labarin gada da madatsa da muryar da Allah Ya ba ni. Ɗansa ya juyo a firgice, yatsa a baki, yana nuna ƙofofin maƙwabta: "Baffa, don Allah a hankali, goma ta wuce. A gidan nan har takarda suke rubuto wa mutum."